Ganyen darbejiya da ciwon yaushin gladiyolas

A shekarar ƙarshe ta karatuna aka ba ni bincike a kan ciwon yaushi da ke kashe gladiyolas, furen nan mai dogon kara da ganye kamar takobi, wanda yawancin danginsa asalinsu kudancin Afirka ne. Kansa ake binnewa, wani ƙullutu mai kama da albasa. Wani fungas, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, da ake kira Fusarium oxysporum ne ke jawo ciwon: ta saiwa yake shiga, ya toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama, sai ganye ya koma rawaya, shukar ta langaɓe alhali ƙasa na da damshi.

Ganye huɗu na gwada: darbejiya, tumfafiya, zaƙami da daɗɗoya. In daka, in jiƙa, in tace, in gauraya ruwan da abincin fungas da ake haɗawa daga dankali da sukari da aga (wani gari mai daskarar da ruwa), in zuba a faifan gilashi. Sai in ɗora ɗan guntun fungas mai faɗin milimita 5 a tsakiya, in ajiye a zafin digiri 25. Bayan kwana 7, faifan da ban sa wa komai ba ya cika da farin abu kamar auduga, ƙasansa ya yi ruwan hoda. Na darbejiya kuwa fungas ɗin ya maƙale a tsakiya, bai fi maɓallin riga ba.

Da gudu na kai wa malamina. Ya ɗaga faifan a haske, ya ce, “Madalla. To, ka kai ƙasa mu gani.”

A nan na sha kunya. Na shuka a tukwane, na jira sai da ganye ya fara rawaya sannan na riƙa zuba ruwan darbejiyar. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Na tumɓuke guda na tsaga kan da wuƙa: cikinsa ya yi ruwan ƙasa tun daga gindi, ruɓar ta bi jijiyoyi zuwa sama. Na daɗe zaune da shi a hannu. Ashe kafin ido ya ga alama, cutar ta riga ta yi gida inda ruwan ganye ba ya kaiwa.

A zagaye na biyu na jiƙa kawunan a ruwan ganyen kafin shuka, na kuma cakuɗa garin busasshen ganye da ƙasa na bar shi ya ruɓe tukuna. An samu sauƙi ƙwarai, amma gaskiya bai kamo kabendazim, maganin fungas na bature da na kwatanta da shi, ba, haka kuma na rubuta a rahotona duk da raina bai so ba. Na kuma daina yi wa ganye kallon abu marar illa: zaƙami guba ne, ƙaron tumfafiya kuwa yana yi wa ido lahani.

Abin da ya fi tsaya min shi ne wannan fungas na iya shekaru a ƙasa yana jira, yana kuma ɓuya cikin kawunan da aka adana. Shi ya sa yanzu kafin in taɓa turmi nake zama in ɓare kowane kai, in danna shi da babban yatsa. Wanda ya yi taushi ko yake da tabo, wuta nake kai shi, wanda ya tsira ne ke shiga ruwan darbejiya.