Mu Biyar a Shago Ɗaya a Samaru

Mu biyar muka haɗa kuɗi muka kama hayar wani tsohon shagon tela a Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello. Ukunmu masu zane da fenti ne da muka gama sashen zane-zane na jami'ar, sai wata 'yar'uwa mai ginin tukwane, sai wani dattijo mai zayyanar allo da ke zuwa daga birnin Zariya. Babu mai iya biyan hayar shi kaɗai, kuma ɗakin kwana ba wurin fentin mai ba ne. Warin kananzir na wanke burushi ma ya isa ya hana mutum barci.

Watannin farko mun sha gardama, yawanci a kan farin fenti, don shi ke saurin ƙarewa. Sai muka ajiye littafi, kowa ya ɗiba ya rubuta. Hunturu kuma ya koya mini nasa karatun: aka bar taga a buɗe da dare, na wayi gari ƙura ta manne a kan zanen da na kwana tara ina yi. Tun daga ranar, zanen da bai bushe ba bango yake fuskanta.

Amma babbar ribata zama kusa da Malam, dattijon nan mai zayyanar allo. A aji mun karanta labarin ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ce mai zane ya koma ga fasahar gida ya haɗa ta da abin da ya koyo. Na rubuta haka a jarrabawa na ci, amma ban gane ba sai da na ga Malam yana dama tawada da ƙaro, yana feƙe alƙalami, yana raba fuskar allo gida-gida, ba gaggawa. Wata rana ya daɗe yana duban aikina, sannan ya ce, "Ɗana, hannunka ya riga idonka." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to yaya zan yi?" Ya miƙo mini allo.

Da lokacin baje koli ya zo, masu zauren da suka yi mana alkawari suka janye saura mako guda. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Muka ɗaura igiya a ƙofar shago, muka ari bencina wurin mai shayi. 'Yan acaɓa suka tsaya, ɗalibai suka cika, matan unguwa suka zo da yara. Kuskurenmu shi ne ba mu rubuta farashi ba, mutane kuwa suna jin nauyin tambaya, sun ɗauka kayan manya ne. Washegari da muka liƙa farashi, tukwane da alluna suka ƙare kafin la'asar. Manyan zanena ko ɗaya bai fita ba, ƙananan ne aka saya.

Wani magidanci ya yaba wani zane nawa na mata a bakin rijiya, amma ya ce ba zai rataya hoton mai rai a ɗakinsa ba, ko zan yi masa dagi da irin launukan nan? Shi nake yi yanzu. Malam ne ya ja mini layukan farko.