Alone, lonely da solitude: abin da aikin fassara ya koya min

A aikin fassara ba kalmomin likitanci ne suka fi ba ni wahala ba, waɗannan ukun ne, dan da ka taɓa su hannunka kaɗaici zai rubuta, alhali Bature ba abu ɗaya yake nufi ba.

Alone dai lissafi ne kawai, kai kaɗai ne a wajen, ba ruwanta da ko kana jin daɗi ko a'a. Asalinta ma "all one" ne aka haɗe.

Lonely kuwa a zuci take, mutum zai iya zama tsakiyar gidan biki ana ta kiɗa ana ta liƙi amma shi yana jin ba mai kula da shi, ba wanda zai faɗa wa damuwarsa, to wannan shi ne loneliness. Kuma ba kewa ba ce fa, kewa sai da wanda kake kewa, ita wannan ba lallai akwai wani takamaimai ba. Su can abin ya dame su har Birtaniya ta naɗa ministar kula da shi a 2018, Tracey Crouch, Japan ma ta bi sahu a 2021.

Solitude ce ta fi birge ni. Daga Latin ta taso ta biyo ta Faransanci, kuma galibi zaɓi ne, ka janye da kanka dan ka yi tunani ko karatu ko ka huta da hayaniya. William Wordsworth, marubucin waƙoƙi ɗan Ingila, ya haɗa su biyun a waƙarsa ta furannin daffodil da ta fito a 1807, ya buɗe da "I wandered lonely as a cloud", can wajen ƙarshe kuma ya ce "the bliss of solitude", wato daɗin keɓewa. Ni keɓewa nake sawa, halwa ta fi kusa da ma'anar gaskiya, sai dai tana jan hankalin mai karatu zuwa ga malami da carbi, ba ko ina za ta shiga ba.

Amma kar a ɗauka duk dangin solitude daɗi ne, solitary confinement kulle fursuna ne shi kaɗai a kurkuku, horo ne. Shi ya sa kafin in fassara sai na duba ko mutumin shi ya nema ko ɗora masa aka yi.

Akwai kuma lonesome, ta Amurkawa ce galibi, a waƙoƙinsu na kantiri ka fi jin ta, ka barta can kar ka sa a takardar ofis.