Laraba, ranar haɗa maki

Yau tun bayan azahar muna ofishin malamai ana ta haɗa makin C.A. da na jarabawa, kowa da kalkuleta a hannu, ni kuma raina bai so ba sam. Yaro ya yi zango guda yana fama da lissafi, ƙarshe a rubuta masa 47, sai matsayi na 38 a aji, shikenan. To 47 ɗin nan me ta gaya masa? Ninkawa ce bai iya ba ko rabawa, ko kuwa Turancin tambayar ne ya kayar da shi? Babansa ma matsayin kawai zai duba.

Wannan zangon na gwada wata hanya a ajina na JSS 2, irin wadda makarantu da yawa a Amurka ke bi. Ka rubuta abubuwan da manhaja ta ce yaro ya iya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ba shi mataki daga 1 zuwa 4 (4 ne mafi girma), kuma idan ya faɗi yau ya dawo ya iya bayan sati biyu, sabon matakin ne nasa, ba a tara tsohon sifili a raba masa biyu. Mu ai mun san wannan tun a makarantar allo, malam ba ya cewa ka wanke sai ka biya daidai, kuma ba wanda ke ƙirga sau nawa ka maimaita.

Da safe wata yarinya da ta daɗe tana cewa ita kanta ba ya ɗaukar lissafi ta zo da takardarta, ta ce "Malama, rabawa kaɗai ta rage min a mataki na 2, yaushe zan sake gwadawa?" Wallahi sai da na ji ƙwalla. Da ita da bakinta take neman a sake mata gwaji!

Carol Dweck, masaniyar halayyar ɗan Adam ta Jami'ar Stanford a Amurka, ta daɗe tana bincike a kan haka. A 1998 ita da Claudia Mueller sun gano yaran da aka yaba musu da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi gudun tambaya mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa sun fi dagewa. Amma fa yabo kaɗai ba ya isa in dai takardar sakamako na nan tana jera yara daga na ɗaya zuwa na kashin baya.

Na je wajen shugaban makaranta da maganar, ya ce "Malama, WAEC dai A1 zuwa F9 ta sani, iyaye kuma matsayi suke tambaya." Gaskiyarsa ne, kuma aikin da yawa, aji cike, gwajin da ake sakewa ni ce mai makin sa da daddare. Amma ya yarda in maƙala tawa takardar matakan a bayan takardar sakamako ta makaranta. Na kai a yi min fotokwafi, gobe Alhamis zan raba, yaran da rabawa ta rage musu kuma mun yi da su za mu zauna lokacin tara.