Kiɗan dattawa a ƙauyen Cropredy

Daga tashar Marylebone da ke Landan zuwa garin Banbury tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Tun kafin mu tashi na gane waɗanda hanya ta haɗa mu: dattawa maza da mata, furfura fal kai, kowa rataye da kujerar naɗewa da takalmin roba. Wani abokin aikina Bature ne ya dame ni da maganar bikin kiɗan ƙauyen Cropredy har na yarda na biyo shi.

Cropredy ɗan ƙauye ne a arewacin gundumar Oxfordshire, a bakin kogin Cherwell, 'yan mil kaɗan daga Banbury. A gadarsa aka gwabza tsakanin sojojin Sarki Charles na ɗaya da na majalisa a 1644, lokacin yaƙin basasar Ingila. Yau kuwa abin da aka san shi da shi biki ne na watan Agusta, daga Alhamis zuwa Asabar, inda dubban mutane ke kafa tanti a gonaki saboda ƙungiyar makaɗa guda, Fairport Convention. Wasu a jirgin ruwa suke zuwa, irin dogayen siraran jiragen nan masu fenti, su ɗaure a hanyar ruwan da ta ratsa ƙauyen. Mutanen gari ma suna cin moriyar baƙi, da safe su soya ƙwai su dafa shayi su sayar, kuɗin ya tafi ga makaranta da sauran hidimomin gari. Giya kam ba a magana, ni dai shayi na riƙe.

Dandamali ɗaya ne tak, a gindin wata gona mai gangare, don haka ba a yawo, shimfiɗa kawai za ka yi ka zauna. Wata tsohuwa da ke gefena ta dube ni ta ce, "Ɗana, zuwanka na farko ke nan?" Na ce eh. Ta miƙo mini leda ta ce in rufe jakata, ruwa na nan tafe. Ai kuwa ya zo.

Ita ta tsakura mini tarihin Fairport Convention kafin su hau. A 1967 aka kafa ƙungiyar a Landan. A watan Mayun 1969 suka yi hatsarin mota suna dawowa daga wasa, mai gangarsu Martin Lamble ya rasu yana ɗan shekara 19. Waɗanda suka tsira suka koma ga tsofaffin waƙoƙin baka na Ingila, na kisan kai da cin amana da matuƙan jirgin ruwa, suka ɗora musu jita mai lantarki da ganga. A 1979 suka yi wasan ban kwana a wannan ƙauye. Shekara na zagayowa suka sake haɗuwa, ban kwanan ya rikiɗe ya zama bikin shekara-shekara.

Daren Asabar nasu ne. Simon Nicol, wanda da shi aka fara tun ranar farko, da Dave Pegg mai jitar bas duk sun haura 70, kuma ba sa ɓoyewa, tsakanin waƙa da waƙa sai zolayar juna kan tsufa. Na zaci lallaɓawa za su yi, a tafa musu saboda girmamawa. Ina! Da Ric Sanders ya ɗora gogensa a kafaɗa, Chris Leslie ya bi shi, sai kiɗan ya ɗau wuta, sauri kan sauri, har tsohuwar nan ta jefar da bargonta ta miƙe. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai goge a gida ya san yadda tsirkiya ke jan mutum ko bai yi niyya ba.

Ba duka ne ya burge ni ba. Wasu sababbin waƙoƙinsu sun yi sanyi, wata kuma ta yi tsawo har na fara jin raɓa a ƙafa. Amma idan suka ɗauko na da, filin gaba ɗaya ke amshi, baiti bayan baiti, har yaran da kakanninsu suka kawo. Aka ambaci Sandy Denny, mawaƙiyarsu da ta rasu a 1978, da Dave Swarbrick mai goge da ya rasu a 2016, jama'a suka amsa kamar jiya suka rabu.

Wajen sha biyun dare suka rufe, duk makaɗan da suka rage a wurin suka hau dandamali tare. Fita ce ta zama aiki, taɓo har idon sawu, mota kuma sai layi. Washegari na tsaya a masallacin Banbury da ke kusa da tasha na yi azahar, na sayi kek ɗin garin mai zabibi a ciki, na kama jirgin Landan.