Labarin Kaka, shafi ɗaya duk Juma'a

Bakina ne ya ja mini, a wata walimar suna a unguwar Hindawiyya, nan Makka. Kaka na ba da labarin yadda suka taso daga ƙasar Kano tana 'yar ƙarama, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan akori-kura, yaran gida kuwa kowa ya duƙufa kan waya. Rabinsu ma Hausar sai an haɗa musu da Larabci. Abin ya sosa mini rai, na ce a gaban kowa ni zan rubuta labarin nan, duk Juma'a in kawo sabon babi a karanta bayan an ci abinci.

Kaka ta dube ni ta yi dariya. "Maigida, kai da ko cefane ba ka samun sukunin yi mini?"

Ta fi ni gaskiya. A shagon dabino da tazbaha nake aiki, a titin Ibrahim Khalil, kuma wanda ya san Makka ya san shagon da ke kusa da Harami ba ya barci. Makonni ukun farko na kawo shafi biyar-biyar, ina rubutu har ƙarfe biyun dare, da safe ina auna wa mutane dabinon ajwa ina gyangyaɗi. Sai azumi ya kama. Muna buɗe har sahur, goman ƙarshe kuwa ko wurin zama babu. Aka yi Sallah, ban gama miƙe baya ba alhazai suka fara sauka. Wata uku ban rubuta ko harafi ba.

Babu wanda ya yi mini gori, kuma wannan ya fi ci mini rai. Sai da Kaka ta kwanta asibiti kwana huɗu sannan tsoro ya kama ni da gaske.

Da na zauna na duba, sai na ga aiki uku nake haɗawa a dare ɗaya: jin labari, kwafe shi, da gyara shi. Na raba su. Ranar Talata bayan isha'i in haɗa mata shayi, in ajiye waya a gefen tabarma tana naɗa, minti goma kawai, don in ta wuce haka takan koma labarin kishiyoyi. Kwafewa a cikin bas nake yi, hanyar aiki, abin ji a kunne, babban yatsa na bugawa. Gyara sai daren Alhamis, rabin awa. Shafi biyar ɗin nan kuma na yafe shi, na koma ɗaya. Ashe yaran ma sun fi zama su saurari ɗayan.

Inda lokaci ya fi zurare mini shi ne bin diddigi. Kaka takan ce "Fallomi", na kwana guda ina nema kafin in gane Fort Lamy take nufi, garin da ya koma Injamena a 1973. Daga can Abeshe, Junaina, Fashir, har Ubayyid inda suka fara ganin jirgin ƙasa. Ba ta san shekarar haihuwarta ba, amma ta tuna suna tsintar auduga a Jazira, kusa da Wad Madani, ranar da aka yi ta guɗa wai Turawa sun sauka daga mulki. Ka ga 1 ga Janairun 1956 ke nan, ranar 'yancin Sudan, kuma da wannan rana ɗaya na daidaita sauran shekarun tafiyar. Daɗi gare shi irin wannan tono, shi ya sa yake da haɗari: kana neman sunan gari ɗaya, sai ka tsinci kanka kana karanta yadda aka kammala madatsar Sinnar a 1925, asuba ta yi, shafi fari fat. Yanzu in na ci karo da abin da ke son bincike, alamar tambaya nake sawa in wuce, sai an samu ranar hutu.

Su ƙ da ɗ da ɓ ma sun ci nasu rabon, har na sa Hausa a madannin wayar na huta da bi ina gyarawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a Muharram da Safar, in alhazai sun watse kasuwa ta ɗan lafa, nakan rubuta biyu a mako in ɓoye ɗaya. Rumbu nake kiran wurin ajiyar. Azumin da ya wuce daga rumbun muka ci gaba ɗaya, ba wanda ya gane.

Akwai asarar da ba ta gyaru ba. Wayata ta suɓuce a turmutsitsin fitowa daga sallar magariba, aka bi ta kai, da naɗi uku a ciki da ban kwafe ba. Ɗaya na hanyar Junaina zuwa Fashir ne, inda ƙanenta ya rasu aka binne shi a gefen hanya. Ranar da ta ba ni shi muryarta na rawa, ta faɗi har irin itacen da aka sa shi a gindinsa. Na sake tambaya, ta ce, "Na faɗa maka sau ɗaya, ya isa." Babin nan layi huɗu ne, abin da kaina ya riƙe. Tun ranar, kafin in tashi daga tabarmarta nake tura naɗin zuwa wayar yayana.

A labarin yanzu mun iso Sawakin, suna bakin Bahar Maliya suna jiran jirgin da zai tsallaka da su Jidda. Talata biyu ke nan Kaka ta ƙi hawa jirgin. Ta ce goron da na kawo mata ya bushe, kuma matar kirki ba ta shiga teku da miji marowaci.