Fadama, Kwari da Kududdufi: Sunayen da Ruwa Ya Bar Mana

A ƙarshen ranin da ya wuce na raka baffana duba wani fili da ake son sayar wa ɗansa a bayan gari, kuma dillalin ya yi ta yabon wurin, yana cewa shimfiɗaɗɗe ne, babu dutse babu tudu, ga shi da araha. Baffa bai tanka masa ba. Ya tsuguna ya ɓamɓaro wata baƙar ƙasa da ta tsattsage kamar kaushi, ya murza ta a tafin hannu, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ai fadama ce. Shinkafa za ku shuka, ko gida za ku gina?"

Tun daga ranar nake juya wannan magana a raina, domin mu da muka tashi a cikin birnin Kano mun fara kiran kowane wuri mai zurfi rami, alhali kakanninmu sun raɗa wa kowanne sunansa, kuma sunan yana gaya wa mutum abin da ruwa zai yi a wurin idan damina ta yi nisa.

Fadama ita ce ƙasar da ke kwance, yawanci a gefen kogi, wadda ruwa ke malalewa da damina ya bar mata laka, kuma ko da rani ba a yin haƙa mai nisa kafin a cim ma ruwa. Shi ya sa manomi yake raba gonakinsa gida biyu: gero da gyaɗa a tudu, shinkafa da rake a fadama, sannan da rani a yi lambun tumatir da albasa da attaruhu, wanda a da ake ba shi ruwa da jigo, yanzu kuwa da inji. Kalmar ta yi ƙarfin da Turanci ma ya are ta yadda take, har shirin noman da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a Nijeriya a shekarun 1990 ya ɗauki sunan Fadama. Amma fadama rayuwarta tana hannun kogi. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ta raya noman rani a Kadawa da Kura, sai dai ita da ta Challawa da aka kammala a 1992 sun rage ruwan da ke malala fadamun Haɗejiya da Nguru, inda manoma da masunta da makiyaya suke jiran wannan malalar duk shekara.

Kwari kuwa ya fi fadama faɗin ma'ana, domin duk inda ƙasa ta gangara ta zauna tsakanin tudu da tudu kwari ne, ko yana da laka ko ba shi da ita. A nan zan roƙi masu rubutu a waya su daina zubar da ƙugiya, saboda kwari daban, ƙwari daban. Sunayen unguwanninmu ma suna faɗar haka ga mai saurare: akwai Kantin Kwari da Kwarin Gogau, akwai kuma Tudun Wada da Tudun Maliki. Idan ruwa ya yi gudu ya zaizaye ƙasa har ya yanka ta, wannan kwazazzabo ne. Jigawa ita ce tudu mai rairayi wanda ruwa ba ya kwana a kansa, kuma daga nan jihar da aka cira daga Kano a 1991 ta sami sunanta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kududdufi. Tafki galibi halitta ce, amma kududdufi hannun mutum ne ya yi shi, domin daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen cikin birni, aka yi tubali aka yi yaɓe, har ramin ya zurfafa ya zama matattarar ruwan unguwa. Gaskiya ne yana tara sauro da shara, kuma babu uwar da hankalinta ke kwanciya idan ɗanta ya yi wajensa. Duk da haka aiki yake yi a shiru, domin yana riƙe ruwan sama ya sake shi a hankali, maimakon ya kwararo gaba ɗaya zuwa rafin Jakara. Yanzu da aka cike da yawansu da bola aka kafa shaguna da benaye a kai, ruwan bai ragu ba, masauki kawai ya rasa, sai ya bi lungu ya shiga zaure, mu kuma mu wayi gari muna cewa an yi ambaliya.

Ba mu sayi filin ba. Kafin mu tashi dillalin ya buɗe mana takardar cinikin domin mu ga komai a rubuce yake, kuma lallai an rubuta tsawo da faɗi da maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, amma kalmar fadama ba ta fito ko sau ɗaya ba.