Godiya bayan kwana tara ina fama da gwajin kanel

Alhamdu lillahi. Daren jiya bayan isha'i, gwajin da ya hana ni barci kwana tara ya wuce lafiya, kowane layi na fitowa da "ok". Na ga bai dace in yi shiru ba, don ba ni kaɗai na yi wannan fama ba.

Ga ƴan uwan da ba su cikin harkar: aikina na ƙarshen karatu a kan kanel ɗin Linux yake, wato zuciyar tsarin kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Kanel na da tarin gwaje-gwajen da yake auna lafiyarsa da su, ana ce musu kselftest. Wanda ya shafe ni shi ne na mount_setattr, umarnin da ya shigo da siga ta 5.12 a 2021, mai sauya sharuɗɗan faifan da aka riga aka ɗaura wa tsari, kamar a ce daga yanzu karatu kaɗai, ban da rubutu. Na taɓa ƴan layuka a wajen, na harhaɗa kanel, wato na gina shi daga rubutunsa, na kunna gwaji. Rukunin farko ya wuce, amma rukunin idmapped, mai auna faifan da aka sauya wa lambobin masu mallakar fayiloli, gaba ɗaya ya faɗi.

Na ɗauka gyarana ne, na cire shi, abin bai motsa ba. Sai na ce to lallai kanel ɗin ne ke da cuta, na shiga farautarta da git bisect, wanda ke raba tarihin sauye-sauye biyu-biyu har a kama mai laifi. Kowane mataki sai an sake harhaɗawa, kusan awa guda a tsohuwar kwamfutata, ga zafin Yamai na watan Afrilu, ga wuta na ɗaukewa a tsakiyar aiki. A ƙarshe ya nuna mini wani sauyi da ko kusa bai haɗa hanya da faifai ba. Ran nan na ƙetaro gadar Kennedy daga unguwar Harobanda raina a jagule.

Godiyata ta farko ga Malamina. Na je masa da dogon bayani, ya saurara har na kai aya, sannan ya ce: "Ɗana, ka karanta shirin da gwajin ke yi kafin ya fara gwadawa?" Wallahi ban karanta ba. Ya jawo kujera, ya sa na bi sawun gwajin da strace, manhajar da ke nuna duk abin da shiri ke nema daga kanel, muka zura wa allo ido tare. Ashe gwajin yakan ƙirƙiri fayil, ya tsara shi da mkfs.ext4, umarnin da ke shimfiɗa tsarin ajiyar fayiloli, sannan ya ɗaura shi tamkar faifai na gaske ta hanyar na'urar loop. Malam ya ɗora yatsa a kan layi guda: an nemi /dev/loop-control, fayil ɗin da ake bi a samu loop, amsa ta dawo babu shi. Gwajin bai ma kai ga abin da yake son aunawa ba, tun a bakin ƙofa yake faɗuwa.

Sanadin daga hannuna ya fito. Don rage lokacin harhaɗawa na yi amfani da make localmodconfig, shi kuwa yana zubar da duk wani ɓangaren da ba a loda ba a wannan lokaci. Loop na cikin waɗanda ya zubar, kuma da wannan saiti na gina kowane kanel cikin kwanakin nan tara, shi ya sa duk inda na taɓa sai ya faɗi. Na kunna CONFIG_BLK_DEV_LOOP, saitin da ke dawo da loop, shi ke nan. Malam bai yi mini faɗa ba ko da kalma ɗaya. Allah ya saka da alheri, Malam, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Yaya, kai ka ba ni makullin shagonka don in riƙa jona kwamfuta a batirin sola da dare, ba ka taɓa tambayata yaushe zan gama ba. Allah ya buɗa kasuwa. Inna, ba ki san mene ne kanel ba, amma kin san ɗanki bai ci abinci ba. Kwanon furar da kike rufewa ki ajiye mini a bakin taga na nan a raina. Ƴan fadarmu, kun haƙura da ni ina zaune cikinku idona na kan allo, har shayi na uku ya huce a gabana, wani ma ya ara mini intanet ɗin wayarsa dare biyu. Na gode ƙwarai.

Da safen nan na mayar da gyarana, na sake kunna gwajin, ya wuce. Ran Litinin, in Allah ya yarda, zan kai wa Malam gyaran ya duba kafin in aika shi.